Mutumin da Na Goge Daga Hoton Kaka

Kafin ku fara tausaya mini, ku dakata. Da yawa daga cikinku sun ga hoton nan: yarinya 'yar shekara tara a cikin layin mata, baki buɗe, hannu miƙe, da takalmi ƙwaya ɗaya maƙale a hammata. Idan kin gan shi kin yi dariya, idan ka gan shi ka tura wa abokinka, to ku gyara zama, da ku nake. Ba zan zage ku ba, domin ni na ba ku abin dariyar da hannuna. Yarinyar nan kakata ce, wadda ta haifi Mama. Tana nan da ranta, a ɗakin da ke kallon nawa.

Aikina gyaran tsofaffin hotuna ne. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da labule. A ciki akwai kwamfuta biyu, injin sikanin ɗaya, fanka mai ƙara, da maigidana, wanda duk layin ke kira Baba Tabarau. Mutane suna kawo mana hotunan da ruwa ya taɓa, ko gara ta ci, ko yaro ya yaga, mu sa su a injin, mu gyara su a kwamfuta, mu wanke musu sabo. Ranar da na fara aiki Baba Tabarau bai koya mini komai ba sai doka uku. Ki ajiye hoton yadda ya zo a wuri dabam, ki yi aikinki a kan kwafi. Takardar mutum ba ta fita shago sai a hannun mai ita. Ta uku kuma, kada ki goge komai sai kin tambayi mai hoto.

"Har tabo, Baba?"

"Tabon ma nasa ne, ba naki ba."

Shekara huɗu ina bin dokokin nan. Na karya su duka uku a rana ɗaya, saboda namiji. Ku rubuta wannan ku ajiye, 'yan mata, ba sai na maimaita ba.

Namijin shi ne wanda ake kira Sarkin Jiya. Yana da shafi a intanet da yake ɗora hotunan mutanen da, ya rubuta musu 'yar magana a ƙasa, jama'a su taru su yi ta sharhi. Shagonmu yake kawo hotunan a share masa su, a sa musu launi. A nan muka haɗu. Dogo ne, fari sol ɗin riga, agogo mai baƙar fata, turaren da ke riga shi shigowa ya kuma daɗe bayan ya fita. Yana da baki, wannan ba zan hana shi ba. Zai ɗauko hoton soja yaro da hular ƙarfe ta rufe masa ido, ya rubuta, "Hular aro." Zai ɗauko na wani mutum da ya ɗora gado da katifa a kan keke yana turawa, hayaƙi na tashi a bayansa, ya rubuta, "Mai gidan haya ya ce ƙarshen wata." Sai mutane su zubo.

"Mutanen da ba su san man shafawa ba ne?"

"Wannan ai maƙwabcinmu ne sak, har kunnen."

"Allah sarki, duk fa sun mutu." A ƙarƙashinsa kuma wata ta rubuta cewa tana sayar da jakunkuna, a yi mata magana.

Ni ma na yi dariya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa mutum zai tura gadonsa a kan keke alhali gari na ci da wuta a bayansa ba.

Wata na biyar da fara zuwansa gidanmu, Mama ta riga ta gama aurar da ni a zuciyarta. Ta canza labulen falo, ta sayi sababbin kofuna masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai ya zo. Kawu, yayan Mama, wanda ke tsaya mana tun rasuwar babanmu, ya daina kiransa "yaron nan" ya koma kiransa "ɗana". Shekarata ashirin da bakwai, kuma a gidanmu ana faɗin wannan lambar kamar sunan ciwo.

Wata rana ya ce da ni, "Ke kullum gyara na mutane kike. Ku ba ku da tsohon hoto a gida? Irin na lokacin yaƙi, wanda ba wanda ya taɓa gani."

Muna da shi, ƙwaya ɗaya. Yana cikin gwangwanin biskit a ƙasan akwatin Kaka, tare da allurai da tsofaffin maɓallai. Kaka ba ta fitowa da shi, ba ta kuma zancensa. Shekara biyu ke nan rabonta da taka ƙofar gida saboda ciwon ƙugu, daga gado sai tabarma sai kujerarta ta bakin taga. Na jira ta yi barcin rana, na shiga a kan yatsun ƙafa, na ɗauke shi. Ban ara ba. Sata na yi, mu kira abu da sunansa.

Washegari Baba Tabarau ya fita cin abincin rana, na sa hoton a injin. Layin mata ne da yara a gaban wani babban sito, ana rabon hatsi. A gefen dama akwai buhuna jibge. Yarinyar tana tsakiya, ta fito daga layin da taku ɗaya, ta miƙa hannu wajen dama, baki buɗe. Can a ƙarshen gefen dama, tsakaninta da buhunan, akwai wani dogon tabo toka-toka, daga sama har ƙasa, kamar inda ruwa ya ɗiga ya bushe. Na ga irinsa sau ɗari. Na share shi tas, na cike wurin da bangon sito da ƙarin buhuna. Na sa wa rigarta ruwan ganye, na sa wa sama shuɗi. Sai na ji tarin Baba Tabarau a bakin ƙofa. Cikin gaggawa na ajiye aikin a kan na asalin, na danne shi. Da yamma Sarkin Jiya ya zo, na tura masa gyararren, ya ce in ba shi takardar ma, zai nuna wa abokan aikinsa. Na ba shi a cikin ambulan.

"Wannan toka-tokan abin na gefe fa?" ya tambaya, yana duban takardar.

"Datti ne," na ce. "Na cire shi."

Ku riƙe wannan kalmar, za ta dawo.

Ya ɗora hoton ranar Litinin. Ya rubuta a ƙasa, "Ni idan an ce an fara rabo." Kafin Laraba ya zaga ko'ina. Wani ya ce yarinyar ta zo da takalmi ne don ta auni hatsi da shi. Wata ta ce, "Ci dai tun asali gado ne." Wani ya yanke fuskar kawai ya riƙa liƙa ta duk inda ake zancen abinci. Wani kamfanin shinkafa ya neme shi, suna so su sa hoton a allon talla. Shi kuwa saƙo yake turo mini ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ga aikinki? Ba a taɓa yaɗa hotona haka ba."

"Ke ce sa'ata, wallahi."

"Ki gaya wa Kawu, su Baffana za su zo ranar Asabar ta sama su gaisa, a tsayar da magana."

Mama ta yi rawa a tsakar ɗaki da ludayi a hannu. Ita ce ta ɗauki wayarta ta nufi ɗakin Kaka, ni ina biye ina cewa ta bari.

"Inna, kin zama tauraruwa. Duba nan. Duniya duk ta san ki."

Kaka ta karɓi wayar. Ta nisanta ta, ta kusanto da ita, ta karkata ta wajen hasken taga. Na zaci za ta tambayi yadda hoton ya fita daga akwatinta. Na zaci za ta ce a karanta mata abin da ake rubutawa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa ɗan yatsa a gefen dama, a kan buhunan da na ƙara, ta shafa wurin sau biyu kamar mai share ƙura.

"Ina Dogo?"

Mama ta ce, "Wane Dogo kuma, Inna?"

"Yayana. A nan yake. Wa ya fitar da shi?"

 Kaka ta ɗago ta dube ni, don ta san aikina.

"Zauna, Mai Ido," ta ce. Haka take kirana tun da na fara aikin hoto. Na zauna a ƙasa.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ba da labarin a hankali, kamar mai lissafa kayan wanki. Ranar suna layin hatsi ita da yayanta, shekararsa goma sha shida. Igiyar takalminsa ɗaya ta tsinke, ya cire ya ba ta ta riƙe, ya ce in sun koma gida zai ɗinke. Sai ga motar sojoji ta tsaya a bayan siton, ana kiran samari su zo su ɗauki kaya. Wanda ya ƙi zuwa a zo a ja shi. Ya ce mata kada ta bar layi, kada hatsin ya wuce su, yanzu zai dawo. Ya ruga da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Daidai lokacin wani baƙo mai akwatin hoto ya danna. Akwatin zamanin ba ya kama mai gudu, sai dai inuwarsa.

"Ba hatsi nake miƙa wa hannu ba," Kaka ta ce. "Kiransa nake. Cewa nake, Yaya, takalminka."

Bai dawo ba. Ba gawa, ba labari, ba kabarin da za a nuna. Bayan wasu watanni mai hoton ya sake biyowa ta unguwarsu, ya gane ta, ya ba uwarsu takardar. Uwar ta duba ta ce, ga Dogo nan, har yadda yake karkata kafaɗa in yana gudu. Shi ke nan abin da ya rage na mutum guda a duniya, wannan toka-tokan da na kira datti.

Mama ta zauna a bakin gado. "Inna, ba ki taɓa gaya mana ba."

"Kun taɓa tambaya?"

Da safe na riga Baba Tabarau zuwa shago. Na bincike kwamfutar ciki da bai, ko wani kwafi ya maƙale a wani lungu. Babu. Da ya zo na gaya masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya cire tabarau ɗinsa, ya goge da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba.

"Nawa kika karya?"

"Duka ukun, Baba."

"To madalla, kin huta, ba sauran abin karyawa." Ya mayar da tabarau. "Ki ji ni. Kwamfutar nan za ta iya zana miki saurayi kyakkyawa a wurin, har da murmushi. Kada ki kuskura. Ba shi ba ne, kuma tsohuwar za ta sani. Takardar tana ina?"

"Tana wajensa."

"To me kike yi a nan?"

Ofishin Sarkin Jiya ɗaki biyu ne a saman wani kantin kayan wuta. Kujerun fata, fitilu masu ƙafa uku, bango cike da hotunan mutanen da bai san sunan ko ɗaya ba. Kwandon shara a gefen teburinsa kullum a cike yake da takardu da kofunan roba, domin mai sharar ba ta zuwa sai ranar Asabar da ƙarfe biyar, lokacin da ba kowa. Ya sha yi mini ƙorafin hakan. Ranar ban same shi ba, an ce ya tafi wajen masu shinkafa. Sai na tura masa saƙo daga bakin matakala.

"Ina son takardar hoton Kaka yau. Kuma ka sauke hoton."

"Lafiya? Wani ya faɗi magana ne?"

Na rubuta masa labarin duka. Na ga alamar ya karanta. Na tsaya ina kallon wayar har mai kantin ƙasa ya miƙo mini kujera.

"Allah sarki," ya rubuto. "Abin tausayi. Amma ai wannan ya ƙara wa hoton daraja. Za mu iya yin kashi na biyu da labarin."

"Ba kashi ba ne. Yayanta ne."

"Na ji. Amma na riga na yi magana da mutanen nan, ba zan zama ƙaramin mutum ba. Kuma dariya ba zagi ba ce. Mutane suna son ta ne."

"Takardar fa?"

"Tana nan lafiya. Ki bari Asabar ta wuce. Ai an kusa zama gida ɗaya, nawa naki ne." Ya sa 'yar fuskar nan mai kashe ido.

Na kira shi sau shida cikin kwana uku. Kullum yana taro, kullum takardar tana nan lafiya, kullum bayan Asabar. Na shiga ƙarƙashin hoton na rubuta gaskiyar da sunana, na ce akwai mutum a gefen dama, ni na goge shi. Minti goma bai cika ba rubutun ya ɓace. Ya turo mini, "Kada ki ɓata mana abu, don Allah."

Ranar Alhamis Mama ta kira Kawu, don ta ga na daina taɓa zancen Asabar. Ya zo da la'asar, ya zauna a kujerar babanmu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"An ce kina fushi da ɗana a kan hoto."

"A kan yayan Inna, Kawu. Kawunka ne kai ma."

"Allah ya ji ƙansa. Mutumin da ya tafi tun kafin a haife ni. Yanzu saboda inuwa za ki kori miji mai rai, mai mota, mai sana'a?"

"Ban ce na kore shi ba. Na ce ya kawo takarda."

"Zai kawo. Namiji ba a matsa masa. Ke kin san shekararki?"

"Ana tuna mini kullum."

Mama ta ce, "Kin ga irin bakin nata ko, Yaya? Shi ya zaunar da ita har yanzu." Sannan ta juyo wajena, murya ta sauka. "Ni ma abin ya taɓa ni, uwata ce. Amma na mutu ya mutu. Ni so nake in gan ki a ɗakinki kafin in bi babanki. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne, kuma ban ce mata laifi ba ne. Tsoro ne ke magana da bakinta, na san shi, don ni ma ina da nawa. Wadda ba ta taɓa zama a gida ana aurar da ƙannen ƙawayenta ba, ta yi shiru a nan.

Kaka kuwa ba ta sake tayar da zancen ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta daina amsa gaisuwata ba. Sai dai kullum na leƙa, gwangwanin biskit ɗin yana kan cinyarta a buɗe.

Ranar Asabar Mama ta tashe ni da doguwar rigar da ta sa aka ɗinka, ruwan zuma, da duwatsu a wuya da bakin hannu, da mayafi mai sheƙi. Ta shimfiɗa su a gadona kamar mutum ya kwanta. An goge falo, an fesa turare, an jera kofunan bakin zinariya. Ƙarfe uku da rabi suka iso, shi da Baffansa, wani dattijo mai farin gemu da sanda, da wasu maza biyu. An fito da Kaka aka zaunar da ita a kujera mai laushi, don a ga albarkar gida. Ina jin su ta ƙofa ana gaishe-gaishe.

Na sa rigar. Ta yi mini kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina ɗaura mayafin na ji muryarsa yana cewa ya kawo wa Kaka tsaraba. Na leƙa. Wani ƙaton firam ne mai ruwan zinariya, a ciki hoton nan, gyararren, da rigar ruwan ganye da buhunan ƙarya. Mazan suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Ashe ke ce, Hajiya? Matata har yanzu tana tura mini fuskar nan in na tambayi abinci." Kawu ma ya yi dariya, yana kallon ƙasa. Aka jingine firam ɗin a gaban Kaka. Ta zuba masa ido, hannuwanta biyu a kan gwiwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fito ba tare da an kira ni ba. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. Sannan ban tashi na koma ciki ba.

"Baffa, ina neman izini in yi magana."

Mama ta yi mini ido. Kawu ya ce, "Ke, shiga ciki."

Dattijon ya ɗaga hannu. "Bar ta. Ai saboda ita muka zo."

"Hoton nan ƙarya ne, kuma ni na yi ƙaryar. Na sace shi daga akwatin kakata, na goge mutum daga cikinsa, na ba ɗanku takardar. Na roƙe shi ya dawo da ita, ya ce sai bayan yau. To ga yau ta zo. Ina son takardar kafin a ce komai a kaina."

Sarkin Jiya ya yi murmushi ya dubi mazan. "Wasa take, Baffa. Ƙaramar magana ce tsakaninmu."

"Wane mutum aka goge?" dattijon ya tambaya, ba shi yake kallo ba, Kaka yake kallo.

Kaka ta gaya masa, cikin magana huɗu ko biyar. Da ta zo wajen takalmin, wanda ya yi zancen matarsa ya ajiye kofinsa a hankali. Dattijon ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Mu ma an ɗauki namu biyu," ya ce. "Mu ko inuwa ba mu samu ba." Ya juya. "Kai, takardar tana ina?"

"Tana mota, Baffa. Da ma na zo da ita."

"Je ka ɗauko."

Ya fita.  Mama tana murɗa bakin mayafinta. Ya dawo da wani ɗan ƙaramin firam na tebur, ya miƙo mini da hannu biyu, har da ɗan sunkuyawa, don a gani. Na juya bayansa, na zare ƙusoshin da farce, na fito da takardar.

Hannuna ya sani kafin idona. Ta yi gajarta. Gefen dama a miƙe yake, fari, sabon yanka. Hannun yarinyar yana miƙe, yatsunta suna taɓa ƙarshen takarda, babu kowa a gabansu.

"Ina sauran?"

"Ba ta shiga firam ɗin ba ne, sai na ɗan rage gefen." Ya ɗaga kafaɗa. "Shekaranjiya ne, da masu shinkafa za su zo gani."

"Shekaranjiya. Bayan na gaya maka ko wane ne."

"Toka-toka ne kawai, ba fuska, ba komai. Ke da bakinki kika ce mini datti ne."

Na faɗa, gaskiyarsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ni na faɗa ne ban sani ba, shi ya sa almakashi yana sane. Wannan bambancin shi ne duk abin da nake buƙatar sani game da mutumin da zan kwana gidansa har tsufa. Wanda ya yanke yayan wata don firam ya yi daidai, wata rana ni zai rage.

"Guntun yana ina?"

"Ina zan sani? Kwandon shara, ina jin."

Na dubi agogon bango. Huɗu da minti ashirin. Mai shara tana zuwa ƙarfe biyar.

Na cire wayar da ya saya mini daga jaka, na ajiye ta a kan tebur tsakanin kofunan bakin zinariya. "Ba ni makullin ofis."

"Ki nutsu mana. Manya suna zaune."

"Ba ta makulli," in ji dattijon. Bai ɗaga murya ba. Makullin ya fito daga aljihu.

Mama ta miƙe ta tare ƙofa. Idonta ya cika. "Idan kika fita kika bar mutane zaune, kin san me kika yi?"

"Na sani, Mama."

Kawu ya ce, "Ba za su sake dawowa ba, ki sani."

"Shi ma Dogo bai dawo ba, Kawu, kuma shi ba a tambaye shi ba. Ni an tambaye ni. Amsata a'a ce. Baffa, ka yafe mini wahalar da kuka sha."

Na ɗauki takalmina a bakin ƙofa. Ina sa ƙafa ta biyu na ji wani ƙara a bayana, ƙarar kujera da ake turawa.

"Mai Ido."

Na juya. Kaka ce a tsaye, ta dafa kafaɗar kujera da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da guntuwar takardar a ƙirji. Matar da shekara biyu ba ta ga titi ba.

"Inna, ina za ki?" Mama ta ce. "Ƙugunki fa."

"An ce mini in tsaya a layi, na tsaya," Kaka ta ce. "Shekara saba'in da wani abu ina tsaye. Ya isa." Ta dubi dattijon. "Malam, ara mini sandarka."

Ya miƙa mata. Mama ta dubi uwarta, ta dube ni, sannan ta matsa daga bakin ƙofa.

Daga falonmu zuwa bakin titi taku talatin ne. Kaka ta yi su a minti shida, na ƙirga, hannunta a wuyana, duwatsun rigar ruwan zuma suna karce mata fata. Na tsayar da mota ta farko da ta zo, na ɗora ta, na faɗa wa direba kantin kayan wuta, na ce ya taka.

Agogon motar ya nuna biyar saura ashirin da biyu. Direba ya ce in hanya ta yi kyau, rabin awa ne.